Arvo Ya Ƙi Cewa Ba Shi Ba Ne

Litinin, 3 ga Fabrairu, da safe kafin aiki

Jiya a coci babu wanda ya zauna a bencinmu. Daga ni sai mijina Arvo, da fili hagu da dama kamar masu mura. Da aka tashi aka shiga wurin shan kofi, mata suka yi ta gaishe ni da irin muryar da ake yi wa mai zaman makoki, shi kuwa ko kallo bai samu ba. Bai ma lura ba. Kek yanka biyu ya ci.

Ranar Juma'a ne motocin hukumar muhalli ta jiha suka shigo masana'antar katako, suka wuce kai tsaye bayan babban sito, wurin ramin da ake binne gangunan ragowar maganin katako, ba tare da sun tambayi kowa hanya ba. Kafin yamma an rufe sashen da ake tsoma katako a magani, an ce ma'aikatansa su zauna a gida sai an neme su. Kusan rabin garin nan ke nan. Wani ne ya aika wa hukumar hotuna, ya aika wa jaridar birni, ba suna, ba adireshi, ba ta inda za a bi sawunsa.

To a garin da kowa ya san launin labulen kowa, wa aka sani da iya aika saƙo ba sawu? Arvo ne, mai gyaran lantarkin masana'anta, wanda duk Asabar yake zama a ƙaramin ɗakin laburare yana saka wa mutane wata burauza, manhajar shiga intanet a ɓoye, kyauta. Ni na raɗa mata burauzar albasa, don ya ce saƙo hannu uku yake bi, kowane hannu ya ɓare ɓawo ɗaya bai san abin da ke ciki ba. Sunan ya bi gari. Shekara da shekaru ina shan wannan karatu a teburin cin abinci: kada ka faɗaɗa tagarta, kada ka ƙara mata kwalliya, kada ka buɗe imel ɗinka ta cikinta, bar ta yadda ta zo domin ka yi kama da kowa. Wai kama da kowa, in ji mutumin da ya manna baƙin tef a idon kowace kyamara a gidan nan. Da firij yana da ido, da shi ma ya sha tef.

Bari in tafi. Namu sashen, na lodi, ba a rufe shi ba. Tagar ofishina bayan sito take kallo.

Talata, 4 ga Fabrairu, da rana

Na dawo da abincina gida yadda na tafi da shi.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, da yamma

Kamfani ya ɗauko wani masanin kwamfuta daga birni. Ya yi ta tonon na'urorin ofis, ya sha kofinmu, ya koma hannu rabbana. Da aka rasa abin yi, sai manaja, Mista Brandvold, ya kira Arvo. Ya ce shi ba ya zargin kowa, sun daɗe tare, kalma ɗaya kawai yake so ya kai wa masu kamfani: Arvo ya ce ba shi ba ne.

Arvo ya ce ba zai ce shi ne ba, ba kuma zai ce ba shi ba ne.

Yana ɓare dankali yake ba ni labari, kamar labarin farashin mai. Na ce, "To mene ne abin wahala a ciki? Ka faɗa a wuce wurin."

Ya ce, "Mar," haka yake gajarta sunana, "ba ni kaɗai nake da burauzar nan a gari ba. In na ce ba ni ba ne, gobe a kira wani, shi ma ya ce ba shi ba ne. Jibi a kira wani. A yi ta cirewa har a bar mutum ɗaya tsaye a fili. Ba da ni za a fara ba."

"Aikinka fa?"

"Ba su da hujja."

"Yaushe garin nan ya fara neman hujja?"

Ya ci gaba da dankalinsa. Na ji haushinsa sosai. Akwai mutanen da ko gaskiya za su yi sai sun haɗa ta da girman kai, ni kuma a cikinsu na zaɓi miji.

Asabar, 8 ga Fabrairu, bayan la'asar

Na raka shi laburare, abin da ban taɓa yi ba. Ya jera kujeru, ya kunna kwamfutarsa, ya zauna jira. Na ɗauka babu mai zuwa. Ashe da ma kada su zo.

Tsoho Eino Lahti ne ya fara shigowa, da kwamfutarsa a cikin jakar cefane. Bara ya zo aka saka masa, don yana son karanta batun ciwon mafitsararsa ba tare da talla ta biyo shi gaban jikoki ba. Yau cirewa ya zo a yi. Ya ce, "Kada ka ji haushi, Arvo, jikana yana sashen tsomi. In an tambaye ni ina so in ce ga ta nan, ku duba." Bayansa wasu suka biyo, kowa da uzurinsa, kowa yana kallon takalminsa. Arvo ya cire musu ɗaya bayan ɗaya, har yana tambayarsu ko akwai wani abin da ke damun na'urar tun da an zo. Wata ya gyara mata sauti.

Da za mu fita mai kula da laburare ta ce daga mako mai zuwa matan saƙa ne za su riƙa amfani da ɗakin. Matan saƙa suna da nasu ɗakin a ƙasan coci tun ina yarinya.

A mota na ce masa ai ga shi nan, layin da yake karewa ya watse da kansa. Ya ce nasu ne, suna da iko. Ni ba wanda ya tambaye ni komai. Duk garin ya san ra'ayina a kan albasar Arvo, na sha ba su dariya da ita a wurin gyaran gashi da wurin biki.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, da hantsi

Ba mu je coci ba. Na ce kaina ke ciwo. Bai tambaya ba, shi da ma ba ya tambaya.

Laraba, 12 ga Fabrairu, da safe

Dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba. Tun da muka tare a gidan nan Gord ne yake share mana ƙofar gareji da motarsa mai shebur, in ya gama tasa. Gord mijin Tuula ne, ƙanwar Arvo, kuma yana cikin waɗanda aka ce su zauna a gida. Yau ya share ta maƙwabcinmu na dama, ya ɗaga shebur ya wuce tamu, ya sauke a ta hagu. Ina tsaye a taga da kofi a hannu.

Da na buɗe ƙofa na tarar da buhun albasa a dandamali, ya daskare. Ba takarda, ba suna. Arvo ya yi dariya ya ce aƙalla sun koyi aika saƙo ba sawu. Ya shigo da shi, ya ce zai yi miya.

Ni ban yi dariya ba. An bar jaki ana dukan taiki, taikin kuma sai murmushi yake.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, da yamma

Injin wankinmu lafiyarsa ƙalau. Ina so in rubuta wannan ko da ban rubuta komai ba. Lafiyarsa ƙalau, amma a watan jiya na ɗauki barguna na kai shagon injinan wanki na garin gaba, wanda yake da intanet na kowa da kowa. Na tafi da kwamfutata. Na bar wayata a gida a kan firij.

A kaka ne ya saka mini burauzar, ba da izinina ba, ya ce ko ba na so ta zauna. Na ce ta zauna ta yi tsiro. Bai sake dubawa ba.

Rafin da ke bayan sito shi ne yake bi ta ƙasan filin wasan firamare. Da bazara yara har cire takalma suke yi su shiga.

Iyakar abin da zan rubuta ke nan. Shi ne ya koya mini cewa abin da ba ka so a sani ba a rubuta shi.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, bayan abincin rana

Duk Lahadi a gidan Tuula ake hura wutar ɗakin wankan tururi na iyayensu, mu shiga mata, maza su shiga, a fito a ci tsiran alade. Yau ba a kira mu ba, sai ga Tuula da kanta. Ba ta cire kwat ba, ba ta zauna ba.

Ta gaya wa Arvo cewa Gord ba ya barci, ɗansu na kwaleji yana maganar dawowa gida, a shago an daina yi mata magana saboda sunan mahaifinta. Sannan ta ce, "Ni ban damu ko kai ne ba. Ka buɗe baki ka ce ba kai ba ne, ko da ƙarya ce. Mutane su samu abin riƙewa."

Ya ce, "Ba zan iya ba, Tuu."

"Tun muna yara haka kake. A fasa gilashi, Baba ya jera mu, kai ka tsaya kamar gunki har a zane mu duka." Sai ta juyo kaina. "Ke kuma Marlys, wallahi ina tausayinki. Kina zaune lafiya an jawo miki."

Ta rungume ni. Gashinta yana ƙamshin hayaƙin itace. Ta ce a kunnena kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, kada in bari ya cinye ni tare da shi. Na ce mata na gode.

Na gode, na ce.

Talata, 18 ga Fabrairu, da rana

An dakatar da Arvo daga aiki. Ni aka ba kwalin kayansa in kawo gida, tun da hanya ɗaya ce.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, da yamma

Yana gida yana gyara abubuwan da ba su lalace ba. Ya kwance fitilar kicin ya mayar. Miyar albasa kwana uku a jere.

A ofis kowa yana yi mini kirki. Wata ta ajiye mini cakulan a kan tebur. Duk wanda ya ɗaga murya a bayana sai in waiwaya da sauri, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Amma ba ni ake kora ba, ba a ma ganin aljihun.

An kewaye ramin da jan kirtani, an kawo manyan motoci ana kwashe ƙasar. Na tsaya ina kallo na tambayi kaina ko na yi nadama. Da safe amsar a'a ce. In na dawo gida na gan shi a kan tsani da sukundireba a baki, ban san amsar ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu, da hantsi

Na gwada. Allah ya sani na gwada.

Muna shan kofi na ce, "Arvo, akwai abin da zan gaya maka game da burauzar da ka saka mini." Ban rufe baki ba ya ɗaga tafin hannu, irin yadda yake yi wa ɗalibansa na Asabar in sun fara ba shi labarin dalilin zuwansu.

"Kada ki gaya mini. Abin da ban sani ba, ba mai iya ciro shi daga bakina."

"Ni matarka ce, ba ɗalibarka ba."

"Shi ya sa ma." Sai ya yi murmushi. "In cirewa kike so, ki cire, ba zan ji haushi ba. Ai na san ko buɗe ta ba ki taɓa yi ba."

Na tashi na wanke kofin da ban gama sha ba. Na so in jefe shi da shi. Ya buɗe mini ƙofar gudu, ni kuma na bi ta da sauri, kuma ban san wanne ya fi ba ni haushi ba, shi ko ni.

Litinin, 24 ga Fabrairu, da yamma

Mista Brandvold ya tsayar da ni a wurin ajiye motoci. Ya ce masu kamfani za su zauna ranar Juma'a. In Arvo ya zo ya faɗi kalmar nan, ya koma aikinsa ranar Litinin. In bai zo ba, za a sallame shi, kuma za a ce saboda ƙin ba da haɗin kai ne, ba saboda hotuna ba, don lauyoyi sun ce haka ya fi. Ya ce in yi masa magana, mace ce take iya lanƙwasa irinsu.

Na gaya wa Arvo. Ya ce to.

Mai gyaran lantarki da gashi ya fara fari, a garin da masana'anta ɗaya ce. Ya ce to.

Laraba, 26 ga Fabrairu, da safe

Injin wankinmu lafiyarsa ƙalau.

Alhamis, 27 ga Fabrairu, bayan tashi daga aiki

Na je. Na ɗauki kwamfutata na shiga ofishin Mista Brandvold na rufe ƙofa, na faɗa masa a tsaye, kafin ƙafafuna su canja shawara. Duk tsawon watan nan ina tsoron ranar da za a kalle ni a gane. Ban taɓa tunanin ɗaya gefen ba.

Ya cire tabarau ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce in zauna, ya zuba mini ruwa.

Ya ce, "Marlys, ke da kike kirana in firinta ta cinye takarda?"

Na ce ni ce. Na faɗa masa shagon wanki, na faɗa masa barguna. Ya ce to in nuna masa. Na buɗe kwamfutar, na buɗe burauzar, ga ta nan fes kamar ranar da aka saka ta. Ba ta riƙe komai, da an rufe ta ta manta, don haka aka yi ta. Hotunan na goge su daga kyamara tun a ranar, katin ajiyar hotunan ma na jefa shi a murhu. Adireshin imel ɗin da na aika da shi na yini ɗaya ne, kalmar sirrinsa ban ajiye ta ko a kaina ba. Duk abin da ya faɗa a teburin cin abinci ina harararsa, ban tsallake ko ɗaya ba. Sai na fara kwatanta masa abin da ke cikin hotunan, gangunan, da kusurwar da aka ɗauka. Ya ce ai duk wanda ya sayi jarida ya gan su.

Ya rako ni har ƙofa. Ya ce da matarsa za ta yi masa rabin haka, da ya gode wa Allah. Sannan ya ce, a hankali, kamar mai ba ni haƙuri, "Gaskiya har yau da safe ina shakka. Amma mace ba ta zuwa ta ɗauki laifi sai in ta san mai shi a gidanta yake."

Na tsaya riƙe da kwamfuta a ƙirji. Ya ce kada in damu, aikina yana nan, ba zai gaya wa masu kamfani na zo ba.

Juma'a, 28 ga Fabrairu, da rana

Arvo bai je ba. An sallame shi.

Lahadi, 2 ga Maris, da yamma

Masu kamfani ne kaɗai ba a gaya wa ba. Sakatariyar Mista Brandvold ta ji ta bango, kafin Asabar labari ya kai wa Tuula, Tuula ta bugo wa yayanta ta ce ya ji kunya, ya bar matarsa tana yawon yi masa ƙarya.

Ina ninke kaya ya shigo ɗaki ya zauna a bakin gado. Ya ce ya ji na je wurin Brandvold. Na ajiye rigar da ke hannuna. Wannan karon bai ɗaga tafi ba, sai na faɗa masa duka, tun daga abin da na gani ta taga har zuwa katin da ke murhu. Ban yi kuka ba. Na ce, "Ni ce, Arvo. Ni na aika."

Na shirya wa fushi, na shirya wa ya tashi ya fita, har wani sashe na zuciyata yana so. Sai na ga idonsa ya ciko.

Ya ce, "Har da barin waya a gida. Ashe kina saurarena, har kika iya haɗa labari haka." Ya kamo hannuna. "Amma ba sai kin yi mini ni ma ba, Mar. An riga an gama."

"Ba labari ba ne. Ni ce."

"Na sani, na sani," in ji shi, da muryar da ake lallashin yaro. Ya ce tun da yake babu wanda ya taɓa yi masa abu irin wannan, a ce mutum ya je ya sa wuyansa a kan abin da bai yi ba, saboda shi. Ya ce ya san ya wahalar da ni da taurin kansa, ya san ban taɓa yarda da abin da yake yi ba, shi ya sa abin ya fi taɓa shi. Rabon da ya kalle ni haka tun kafin gashinmu ya fara fari.

Na buɗe baki zan faɗa a karo na uku. Hannunsa da ɗumi, ɗakin kuma da sanyi, kuma na gaji.

Na bar shi ya riƙe. Gobe da safe ina da aiki.